Kunne Ɗaya Nawa, Ɗaya Na Baba Walter

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Rabona da rubutu a nan an fi shekara biyu. Waɗanda suka aiko saƙo suka ji shiru, ku yafe mini. Ciwo ne ya ɓoye ni.

Da kumburin ƙafa abin ya fara. Ina aiki a wani sito a titin Wendover, nan garin Greensboro, a tsaye nake wuni, sai na ɗauka gajiya ce. Takalmi ya daina shiga. Abinci ya koma ɗanɗanon ƙarfe a bakina. Matata Ramatu ta ce, "Baban Nana, wannan ya wuce gajiya. Tashi mu je asibiti."

Aka ɗibi jini da fitsari. Likita ta ce hawan jini ya daɗe yana cin ƙodata ban sani ba, duka biyun sun kusa tsayawa.

Na fito na zauna a mota, na kasa tayar da ita.

Aka fara mini wankin ƙoda, sau uku a mako, awa huɗu kowane zama. Allura biyu masu kauri a hannu, kana kallon jininka yana fita ta roba yana dawowa. Ruwan sha ma sai an auna. Aiki ya gagara. Kullum tunanina Nana, shekararta shida kacal.

Kujerar da ke hannun damana ta wani dattijo ce baƙar fata, Baba Walter, tsohon malamin kiɗa daga East Greensboro. Ba ya rabuwa da 'yar na'urarsa ta faifan CD. Ranar da ya ga ina share hawaye bai tambaye ni komai ba. Ya zare abin sauraro ɗaya daga kunnensa ya miƙo mini. Wayar ba ta kai ba, sai da nas ta matso da kujerunmu.

Kiɗan Turawa ne na da can, babu waƙa, babu ganga. Ni ɗan Maraɗi ne, da gurmi da kalangu na tashi. Na ce, "Baba, yaushe mai waƙar zai fara?"

Ya yi dariya har da tari. "Ba zai zo ba, ɗana. Saurara kawai."

Wata goma sha huɗu muka yi a haka.

Akwai wani na babban goge mai kaurin murya, shi kaɗai, kamar tsoho yana magana da kansa. Shi na fi so. In ya ga jikina ya yi sanyi, shi yake sa mini. Akwai na fiyano mai tafiya a hankali kamar yayyafi a kan kwano. Wani kuma mai sauri, shi yana sonsa, ni na ce masa kamar an tashi kasuwa. Guda ɗaya ne ba ya yawan sawa. Gogaye da yawa suna hawa sannu sannu har ka ji ƙirjinka ya cika, sai su yi tsit. Ya ce da shi aka raka gawar matarsa.

Aka gwada Ramatu don a yi mini dashe, ƙodarta ta dace da jikina. Baba Walter kuwa an ce zuciyarsa ba za ta ɗauki tiyata ba. A zamana na ƙarshe ya riƙe hannuna ya ce, "Jeka. Kada in sake ganinka a kujerar nan."

An yi dashen lafiya, alhamdulillahi. Da na ji ƙarfi, bayan wata biyu, na koma gaishe shi. Wata mata na tarar a kujerarsa. Nas ta ja ni gefe ta ce ya rasu mako uku bayan aikina.

Ban taɓa tambayarsa sunan kiɗa ko ɗaya ba. Na ɗauka akwai lokaci. Kwanan baya na ji na babban gogen a rediyon mota, na tsaya a gefen titi ina kuka. Kafin in natsu, mai gabatarwa ya faɗi sunan ya wuce.

Na gode wa Allah. Na gode wa Ramatu, wadda ba ni da bakin gode mata. Na gode wa matan unguwa da suka riƙe Nana, da ma'aikatan jinya.

Don Allah ku riƙa auna hawan jini ko kuna jin garau. Ku rage gishiri. Kumburin ƙafa ba abin rainawa ba ne. In kun san mai wankin ƙoda, ku je ku zauna da shi, awa huɗu tana da tsawo. Kuma in kuna da abin tambayar wani dattijo, ku tambaye shi yau.