Sunan da Stamata Ta Hana a Ba Jikarta

Ita ce mace ta biyar a gidan Piyeros mai alfadarai, a wani ƙauye na kan duwatsun Mani, inda ake harba bindiga sama idan an haifi namiji, in mace ce kuwa a ja ƙofa a yi shiru. Ranar da aka haife ta, ana tsakiyar yaƙi, babu wanda ya taɓa bindiga. Da aka kai ta coci aka tsoma ta a ruwan baftisma, sai aka raɗa mata Stamata, wato "tsaya" ko "ya isa haka". Duk ƙauyen sun san fassarar: 'ya'ya mata sun ishi Piyeros. Shi da kansa yake faɗa a shagon shan gahawa, ana dariya. Bayan shekara biyu matarsa ta sake haihuwa, aka sake jan ƙofa.

Suna ne da ba ya barin mai shi ta sarara. In ta ruga da gudu, yara su bi ta da ihun "Stamata, stamata!" In mai alfadari ya daka wa dabbarsa tsawa, ita ce za ta waiga. Tana shekara goma sha shida ta ƙulle kayanta a zanen gado ta bi motar da ke kai man zaitun birnin Piriyas. Ta yi ɗinki, ta yi wanke-wanke a gidan abinci na bakin tashar jiragen ruwa, can ta haɗu da Tanasis, kukun jirgi, mutum mai sanyin hali wanda zai iya wuni a kujera ɗaya. Ita ta ja shi Jamus, suka yi shekara goma sha ɗaya a masana'antar ƙwan lantarki. Da mai rubuta sunayen ma'aikata ya tambaye ta, sai ta ce masa Matina, kuma da shi aka san ta har suka dawo. Gida goma sha huɗu suka zauna a tsawon aurensu. Wani ta ce danshi, wani ta ce maƙwabta, wani ma ba ta ba da dalili ba.

"Ke dai ki bari in san inda makunnin fitila yake kafin mu tashi," in ji Tanasis.

Bayan rasuwarsa ta kama 'yar rumfar sayar da jaridu da taba a wata unguwa ta Piriyas. Rumfar ba ta fi a miƙa hannu a taɓa bango biyu ba, don haka a waje take wuni, tana share gaban shagunan da ba nata ba.

Tana shekara saba'in matar ɗanta Sotiris ta haifi mace. Ba sai an yi shawara ba, 'yar fari sunan uwar uba take ɗauka. Kafin baftisma kuwa jaririya kawai ake ce mata. Wata Lahadi suna cin gasasshen kifi, surukar, mai suna Danayi, ta miƙo mata waya.

"Mama, duba nan. Sun ce sunanki ya kusa ɓacewa, sai a wajen tsofaffi. A ajin da nake koyarwa Mariya huɗu ne, Eleni uku. Ni ina son ta shiga aji ita kaɗai da sunanta."

"Ita kaɗai, ana bin ta da ihu."

"Haba Mama, wa ke tuna wannan yanzu?"

"Ni nake tunawa. Kin san abin da yake nufi? An ce da yarinya ba a yi murna da zuwanta ba, an rubuta mata a goshi. Ku sa mata sunan uwarki, ko na maƙwabciya, ko na kifin nan. Nawa dai ban bayar ba."

Sotiris ya ajiye cokali. "Mama, mutane za su ce mun raina ki."

"Su zo su same ni a rumfa."

Wata takwas aka yi ana wannan ja-in-ja, yarinya har ta fara rarrafe ba ta da suna. Stamata ta daina cin abinci a zaune. Ta sauya wa kujerun ɗakinta wuri sau uku a mako guda, ta yi faɗa da mai kawo jaridu a kan abin da bai kai ya kawo ba. Rannan da safe ta rufe rumfa, ba ta gaya wa kowa ba, ta hau motar Mani. So take ta je ta tsaya a kan kabarin ubanta ta amayar masa da abin da ta haɗiye tun tana yarinya.

A gidansu babu wanda ya rage sai babbar yayarta Kanela, mai shekara tamanin, wadda ba ta taɓa kwana a wani gari ba. Ta same ta a tsakar gida tana fasa ɗanyen zaitun da dutse tana jefawa a ruwan gishiri.

"Wa ya mutu?" in ji Kanela, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Babu kowa, Yaya. Wajen Baba na zo."

"To shi ai yana nan inda kika bar shi. Ajiye jakar nan, kina sa ni jiri."

Ba ta ajiye ba. A tsaye ta kwashe labarin jikar ta faɗa, da na sunan, da abin da ta zo yi. Kanela ta goge hannu a zani ta dube ta.

"Wa ya ce miki Baba ne ya zaɓa? Ba ya ma gari, yana kai gishiri garin Spata. Inna ce ta raɗa wa uban baftisma a kunne. Ina tsaye riƙe da tawul."

"Inna ma ta gaji da mata ke nan."

"Ke dai kanki kamar dutsen nan. Biyo ni."

Suka gangara a hankali, Kanela na dogara sanda, suka wuce ƙofar maƙabarta ba su shiga ba, suka zaga bayan katanga. Akwai wani tsohon itacen ɓaure, a gindinsa duwatsu biyu farare a kwance, babu rubutu.

"Tsakanin yayarki Metaksiya da ke, jarirai biyu aka yi," in ji Kanela. "Lokacin yunwa. Namiji, sai mace. Ba wanda ya kai kwana arba'in, ba a kai ga yi musu baftisma ba, shi ya sa suke nan waje. Da kika zo, kin fi su ƙanƙanta. Inna ba da mata take ba. Da mutuwa take. Ita ta ce wa ta tsaya."

Stamata ta nemi wuri a kan katanga ta jingina.

"Amma Baba da bakinsa..."

"Me kike so ya faɗa a gaban maza? Ya ce ya kasa ciyar da 'ya'yansa? Gara a yi dariya. Ban ce kuma ba ya son namiji ba, yana so har ya mutu. Kowa a cikinsu da abin da yake roƙo."

"Shekara saba'in, Yaya! Ba wanda ya buɗe baki!"

"Inna ta hana a ambace su. Ke kuma yaushe kika taɓa tambaya? Duk zuwan da kike yi, kafin gahawa ta tafasa kin fara cigiyar motar komawa."

Ba ta shiga wajen ubanta ba ranar. Ta durƙusa ta cire ciyawar da ta rufe duwatsun da hannunta, ƙaya na sukarta, Kanela na nuna mata da sanda inda ta tsallake. Kwana shida ta yi a ƙauyen.

Da ta koma Piriyas ba ta ce ta amince ba, ba ta kuma ce ta hana ba. Ta zaunar da Danayi ta ba ta labarin duwatsun, ta ce, "In kun sa, wannan za ku gaya mata. In na ji an ba ta labarin shagon gahawa, da ni za ku yi." Aka yi baftisma a watan Nuwamba, aka raɗa wa yarinya Stamata. Kakar ta yi kuka, sannan ta yi faɗa da limamin coci wai ruwan ya yi sanyi.

Da bazara ta sayar da rumfar ta koma ƙauye, wai za ta kula da yayarta. Ta sa an yi wa gidan farin fenti, ta ba da tsohon gadon ƙarfe kyauta, ta mayar da tukwanen zaitun ɗakin baya inda Kanela ba ta iya kai wa gare su. A wata na huɗu Kanela ta kira Sotiris a wayar maƙwabta.

"Ɗana, ka zo ka ɗauki uwarka. Ina son in mutu a gidan da na gane."

Yanzu Stamata tana garin Kalamata, tana taya wata 'yar ƙanwarta aikin gidan burodi. Duk ranar Asabar takan hau mota ta kai wa Kanela burodi mai zafi, su ci da cuku suna gardama a kan wanda ya fi gishiri, cukun bana ko na bara.