Ranar da Sale ya kashe lasifika a kasuwar Maigatari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina ɗaura agogo waya ta shigo, wai Sale ya rasu.

Abokina ne tun muna firamare a Gumel. Kuma bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba: na daɗe ina kishinsa.

Shekarar da muka tsaya takarar kansila, shi a mazaɓarsa ni a tawa, jam'iyya mota ɗaya ta ba mu, mai lasifika a kai. Wadda ke karawa da ni Hajiya Dije ce, 'yar Fulanin gefen iyaka. Sai magoya bayana suka sa aka yi mata waƙa. Wai mace ta koma kicin. Wai ba 'yar nan ba ce, daga Faransa iyayenta suka koro shanu, kamar yadda muke kiran tsallaken Nijar.

Ranar kasuwar Maigatari aka saki waƙar. Ina saman mota ina ɗaga hannu, ina dariya.

Sale ya sauko, ya zura hannu ya cire memorin da waƙar ke ciki. Kasuwa ta yi tsit. Ya karɓi makirufo ya ce, "Kakanta ya riga kakana shan ruwan rijiyar garin nan. Wanda ke son ya zage ta, kada ya yi da fostata a hannunsa."

Samarin jam'iyya suka yi masa ihu, suka watse daga kamfen ɗinsa. Ya faɗi zaɓe, ni na ci.

Na yi shekara biyu ba na amsa sallamarsa da kyau. Duk da haka da matata ta tashi haihuwa, shi ya bar gonarsa a Gagarawa ya zo ya ba da jini. Ko sau ɗaya bai yi mini gori ba.

Abin da ke ci na a rai shi ne, ni ke da kujera, amma in muka shiga taron suna tare, shi dattawa ke matsa wa a tabarma. In muka je rugagen Sule Tankarkar, shi ake fara miƙa wa ƙwaryar nono. Ni sai dai "Onarabul, sannu da zuwa." Wallahi abin yana ƙona ni.

Makonni uku da suka wuce muka haɗu wajen mai shayi a tashar Gumel. Ya tura mini rabin burodinsa, ya ce, "Onarabul, ka je ka ba baiwar Allahn nan, Hajiya Dije, haƙuri kuwa?"

Na ce sai na samu lokaci.

Ya yi dariya. "To, Allah ya ba mu lokacin."

Kun san wa ta kira ni da safen nan? Hajiya Dije. Kuka take yi har ba na jin maganarta sosai. Na riƙe wayar, ga baƙin ciki, ga kuma kishin nan ya sake taso mini, don ban san wanda zai yi mini irin wannan kukan ba.

Hajiya, waƙar nan don ni aka yi ta, kuma na yi dariya. Ki yafe mini. In an dawo daga maƙabarta zan zo har gida in faɗa da bakina.

Allah ya jiƙan Sale, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki.