Jinin Mutumin Mpape

Jama'a, wannan abu da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma wallahi ko Alƙur'ani aka miƙo mini zan dafa a kan haka. Shekarun da farar hula suka dawo mulki ne, lokacin da Abuja take ta kumbura, ko'ina ka duba tifa ce da kwangila da sabon bene. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata cibiyar bincike da ba zan faɗi sunanta ba, a ƙarƙashin wata likitar zuciya, Dakta Bilkisu, mace mai tsare gida wadda ba ta ɗaukar wasa a kan aiki. Binciken da muke yi a kan kitsen jini ne da ciwon zuciya. Mu ɗebi jinin mutane, mu auna kitsen da ke ciki a nan gida, sauran mu daskarar a firiza mu aika wa abokan aikinmu na ƙasar waje, su kuma su duba dubban furotin ɗin da ke yawo a cikinsa da manyan injinansu, ko za a gane wanda zuciyarsa za ta ba shi matsala tun kafin ta ba shi. Ni nawa ɗibar jini ne da juya shi a inji. Lokacin ban kai arba'in ba, ina buga ƙwallo duk Asabar, ko ciwon kai ban cika yi ba.

Wata rana aka tura mu Mpape, wata unguwa a gefen Abuja, ni da wata nas, Sista Rifkatu, 'yar Filato, mu ɗebi jinin masu aikin fasa dutse. Muka kafa rumfa a wani fili a gindin tudu, mutane suka yi layi tun safe, kowa fari fat da ƙurar dutse, ana ta raha ana tsokanar masu tsoron allura. Bayan azahar layi ya ƙare, sai aka busa usur daga wajen dutsen, alamar za a tashi nakiya, 'yan tsirarun da suka rage suka watse. Muna haɗa kaya ke nan na ɗago kai, sai ga mutum zaune a kan bencinmu. Ban ga zuwansa ba, Rifkatu ma daga baya ta ce ba ta gani ba, alhali hanyar da ke shigowa filin ɗaya ce, kuma ita muke fuskanta.

Dattijo ne a ido, da farin kaftani mai tsabta wanda ko ɗigon ƙura babu, ya ja hula har kan gira, ya sunkuyar da kai, hannunsa na dama dafe da ƙirji. Gumi kuwa yana ta zuba daga haɓarsa. Na yi masa sallama ya amsa can ƙasa-ƙasa, na ce Baba ai mun tashi, sai kawai ya naɗe hannun rigarsa na hagu ya miƙo mini. Rifkatu ta tambayi sunansa, yana buɗe baki nakiyar ta tashi, ƙasa ta girgiza, ba wanda ya ji abin da ya faɗa. Ta sake tambaya ya ƙara miƙo hannun.

Ni dai na kama hannun. Sanyi ƙalau, kamar an ciro shi daga randa, ga rana tana dukan rumfa. Na ɗaura roba, jijiya ta fito, ina soka allurar sai na ji wani zafi ya tsarga mini a nawa hannun na hagu, daidai gwiwar hannu ta ciki, har sai da na cije leɓe. Na daure na cika kwalabe. Da zan zare allurar sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ka duba shi da kyau. Kada ka bari ya kwana biyu."

Rifkatu ta ce masa ya jira ta auna hawan jininsa, don ita ma gumin nan bai kwanta mata ba. Ta juya ɗauko abin awo, ni kuma na sunkuya ina saka kwalaben cikin kular ƙanƙara, muna waiwayowa benci babu kowa. Audugar da na danna masa tana nan a ƙasa da ɗigon jini. Muka leƙa bayan rumfa, muka leƙa hanya, babu shi babu alamarsa. Rifkatu ta ce, "Oga, mu tafi. Wannan wuri bai yi mini ba." Muka shiga mota muka sauko kan titi. Da na zo alwalar la'asar na naɗe riga, sai ga ɗan tabo ja a hannuna na hagu, irin na allura sak. Na ce a raina ƙila wani ƙwaro ne, na rufe.

Washegari da safe na juya jinin ranar a inji. Ka san idan an juya jini, jan yakan kwanta ƙasa, ruwan ya taso sama garai-garai kamar ruwan shayi marar madara. To na mutumin nan ya taso fari-fari, da kauri, kamar an dama koko. Na kai wa Dakta, ta ɗaga kwalbar a hasken taga, ta sa na auna kitsen, ya wuce duk wanda muka taɓa gani. Da na ba ta labarin gumin da dafe ƙirjin, sai ta sa aka auna wani furotin wanda ba ya fitowa cikin jini sai naman zuciya ya fara mutuwa. Sakamakon na fitowa ta miƙe tsaye da mukullin mota a hannu. Ta ce mutumin nan naman zuciyarsa yana mutuwa ne a lokacin da yake zaune a gabanmu, muka bar shi ya tafi da ƙafarsa, in yana raye to yau sai mun samo shi.

Ranar mun sha hawa tudu. Ni da Dakta da Rifkatu, lungu-lungu a Mpape, hanyoyin da mota ba ta shiga, muna tsallake kwata, muna tambayar masu shayi da masu sayar da katin waya da shugaban leburori da limamin masallacin da ke kusa da filin. Kowa ya ce bai san shi ba, wanda zai sa farin kaya ya zo gindin dutse ai da an gan shi. Mun tambaya ko an yi rasuwa, aka ce babu. Muka leƙa ƙananan asibitocin unguwar, babu wanda aka kawo mai irin wannan ciwo. Dakta ba ta yi mana faɗa ba. Ni kuwa kwanaki ina jin kamar na kashe mutum.

Aka aika da jinin waje tare da sauran, muka ci gaba da aiki, har na fara mantawa. Sai wata Litinin Dakta ta kira ni ofishinta, ta ce in rufe ƙofa. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta tuna mini cewa tun farkon aikin mu ma'aikata duk mun ba da jininmu don a daidaita injinan can da shi, na ce haka ne. Ta ce to mutanen can waje sun kira ta, sun ga furotin ɗin wata kwalba daga Mpape ya yi kama da na ɗaya daga cikinmu fiye da kima, suka yi gwajin ƙwayoyin halitta don su tabbatar, suka maimaita, kuma amsar ɗaya ce. Jinin mutum ɗaya ne.

"Naka ne," ta ce. "Malam, ka gaya mini gaskiya, jininka ka zuba a kwalbar nan?"

A aikin bincike babu laifin da ya kai wannan, kora ce nan take, kuma sunanka ya ɓaci har abada, ita ma aikin nata gaba ɗaya zai iya rushewa. Na rantse mata da duk abin da na sani. Ta tambaye ni ko ni tagwaye ne, na ce ni kaɗai aka haifa, mahaifiyata tana raye a tambaye ta. Ta tambayi ko kwalabe sun cakuɗe, na ce nawa jinin ai ya bar ƙasar nan tun kafin mu taka Mpape. Aka kira Rifkatu, ta ce ita da idonta ta ga allura ta shiga hannun dattijon, in ana so ta ɗauko Littafi Mai Tsarki ta dafa. Ni kuma don kada ya zama na ɓoye wani abu, na faɗi zancen tabon da na gani a hannuna. Rifkatu ta dube ni, ta matsa baya kaɗan, kuma na lura ba ta sake zama kusa da ni ba har na bar cibiyar.

Dakta ta daɗe tana juya biro. Can ta ce akwai abu ɗaya da ya hana ta kore ni tun a waya. Mai jinin nan zuciyarsa tana mutuwa, ni kuma ga ni na wuni ina hawa tudu a gabanta washegarin ranar, ko haki ban yi ba. Ta sa na naɗe riga, da hannunta ta ɗebi jinina, ta tsaya a kaina har aka juya. Jama'a, ya taso fari kamar koko. Kitsen daidai da na kwalbar. Furotin ɗin mutuwar zuciya ne kawai babu. Ta ce ita likita ce, abin da ba ta da bayaninsa ba za ta ƙirƙira ba, amma abin da take gani shi ne wannan jinina ne na yau, wancan kuma jinina ne na ranar da zuciyata za ta buga. Ta cire kwalbar daga binciken, ta ajiye ragowar jinin da ke wurinmu a can ƙasan firiza.

A makon aka yi mini hoton jijiyoyin zuciya, aka ga ɗaya ta kusa toshewa. Aka ɗora ni a kan magani, na bar tsire da ƙwai da man shanu, matata ta koma dafa mini abinci kamar na marar lafiya, ana ta yi mini dariya a wajen aiki. Matata kaɗai na gaya wa dukkan labarin, ta yi kuka, ta sa aka yi saukar Alƙur'ani a gidansu.

Bayan wasu shekaru, muna dawowa daga ɗaurin aure a Keffi da rana tsaka, daidai Uke, na ji kamar an ɗora mini buhun siminti a ƙirji, gumi ya karyo mini, hannun hagu ya mutu. Da yake na san abin da nake jira, ban tsaya cewa iska ce ko gyambon ciki ba. Na gangara gefen titi, na jefa maganin da kullum yake aljihuna a ƙarƙashin harshe, matata ta karɓi tuƙi tana salati har Abuja. Allah Ya sa da sauran kwana, aka buɗe jijiyar, na tashi.

Dakta Bilkisu ta zo duba ni, lokacin na riga na koma wani wurin aiki. Ina kwance ina murmushi na ce mata to Dakta, alhamdulillahi, abin da ke cikin kwalba ya zo ya wuce. Ta ɗauki sakamakon jinina da ke gefen gado ta duba, ta daɗe tana dubawa, ta ajiye. Na ga tana neman canza magana, na ce don Allah ta faɗa mini.

"Furotin ɗin mutuwar zuciya da ke nan ɗan kaɗan ne," ta ce. "Wanda ke cikin kwalbar ya ninka shi nesa ba kusa ba. Ba wannan ba ne."

To ka ji. Har yau ina nan, ina shan maganina, gemu ya fara fari, yara sun girma. Malamai na tambaya, wani ya ce aljani ne, wani ya ce rahama ce aka aiko mini, wani ya ce in daina tonawa. Ni ban san ko wane ne ya zauna a bencin nan ba, ban kuma san ranar da jinin da ya kawo zai zama nawa ba. Abin da zan ce muku shi ne, duk ƙarfin da kuke ji a jikinku ku je a auna muku jini, wanda aka ba magani ya sha, kuma kada ku kwanta da gaba da kowa. Ni tun daga ranar nan ban ƙara fita daga gida ba tare da na yi sallama da iyalina da kyau ba.