Muryar Malam a Cikin Kwamfuta

Ƙanena da ke aiki a Sakkwato ne ya kawo mini kwamfutar. Tsohuwa ce da ofishinsu ya sallama lokacin da kuɗi suka shigo aka sayo sababbi. Ya ce tunda na shiga ajin yaƙi da jahilci, in riƙa koyon baƙaƙe a kanta. Ajami na iya tun ina yaro, boko ne na zo masa da furfura. Na ajiye ta a zauren gidanmu na Kebbe, in an tayar da janareta bayan la'asar sai in zauna ina neman harafi da yatsa ɗaya.

Mahaifinmu, wanda har mu 'ya'yansa Malam muke ce masa, ya rasu ya bar kaset cike da kwali. Akwai karatun littattafai da yake bayarwa a zaure, akwai tafsirin azumi, sai guda ɗaya da ba karatu ba ne. Ranar sunan ɗiyata ta fari aka manta rikoda a kunne, ta ɗauki Malam yana hira, yana tsokanar Inna a kan kunun da ya yi ruwa, yana dariya har da tari, daga ƙarshe ya yi wa jaririyar addu'a. Zaren kaset ɗin ya fara tsinkewa, hankalina ya tashi.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, mai shago a bakin tashar Tambuwal. Yana gyaran kwamfuta, yana zuba wa mutane wa'azi da waƙoƙi a memori. Shi ya kwashe mini kaset ɗin duka ya mayar cikin kwamfutata. Da damina ta zo laima ya lalata kwalin, ban damu ba, don ina ganin muryar Malam ta samu wurin zama.

Wata rana malamin ajinmu ya ce kwamfuta ma tana kamuwa da cuta, ana ce mata bairos, tana cinye abin da aka ajiye. Ya ce in nemi rigakafi na saye, irin na cikin kwali, wanda ake sabuntawa duk shekara. Na buga wa ƙanena waya, ya yi dariya. Ya ce kwamfutar da ba ta hawa intanet, tana zaune a zaure, ta ina cuta za ta same ta? Magana ta rabu biyu, sai na ɗauki kwamfutar na shiga motar Tambuwal.

"Bawana, ɗan makaranta!" in ji taubashina da ya hango ni. "Yau an ba ku hutu ko gudowa kay yi?"

"Ubangidanka ne yaz zo, tashi ka ba shi kujera."

Na faɗa masa abin da ke tafe da ni.

"Mi kaka yi da na kwali? Wannan na masu ofis ne. Ina da wani nan, yanzu in sa maka."

"Shina ƙarewa?"

Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini tabon lamba a damtsensa. "Wagga lamba da anka yi muna muna yara, an taɓa sake maka ita?"

Na ce a'a.

"To haka shi ma. Sau guda ne."

Na dawo gida da kwanciyar hankali.

A gidanmu ba a hana karatu. Tun Malam na da rai, duk wanda ya shigo zaure da littafi sai an biya masa. Da labari ya bazu cewa karatunsa na cikin kwamfuta, tsofaffin ɗalibansa suka fara zuwa, wasu daga Fakku, wasu daga Sanyinna, kowa da memorinsa a ƙulle cikin leda. Ban taɓa tambayar kowa inda memorinsa ya shiga kafin ya zo ba, kuma ban taɓa karɓar komai ba. Kunya ma ba za ta bar ni ba.

Ba a jima ba wani jan akwati ya fara fitowa a fuskar kwamfutar da rubutun Turanci. Ni Hausa kaɗai muka kai a aji. Na kira taubashina na karanto masa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ina jin daɗin na iya. Ya saurara har ƙarshe.

"Ja ai alamar shina aiki ne. Rufe shi ka ci gaba da harkarka."

Haka na yi ta rufe shi har ranar da na kunna, na taɓa karatun Malam, ya ƙi buɗewa. Na taɓa na gaba, shi ma haka. Na ranar suna ma haka.

A shago taubashina ya duba, ya girgiza kai, ya ce cuta ta cinye, sai dai a wanke kwamfutar gaba ɗaya. Na ce, "Ba ka aje ko kaɗan wurinka ba?"

"Ni mi zan yi da kayan Kawu? Duk na ba ka."

Na zauna a bencinsa na yi kuka, mutane na wucewa. Ya sayo mini ruwan sanyi, ya dafa kafaɗata yana cewa Allah Ya ji ƙan Kawu. Daga baya ƙanena ya bayyana mini cewa rigakafin na gwaji ne, 'yan makonni yake yi ya mutu, kuma abin da jan akwatin ke faɗa ke nan. Na ce wataƙila taubashina bai sani ba. Na daɗe ina ba shi wannan uzuri.

Da kaka na kai gero kasuwar Tambuwal. Ina tsaye wurin mai tsire sai na ji gyaran murya daga wayar wani ɗan kabu-kabu, irin wanda Malam ke yi kafin ya ja aya. Na matsa kusa da shi. Na ce, "Samari, ina kas samu wanga karatu?"

"Wani tsohon malami ne na Kebbe, Baba. Shagon bakin tasha aka sa shi. Kowa shi yaka nema yanzu."

Na bar geron a hannun maƙwabcina na tafi shagon. Da taubashina ya ga fuskata bai ce bawana ba. Na ce masa na ji Malam a kasuwa.

Ya juya wani memori a hannu. "In na ce maka ina da shi, cewa za ka yi in bar saidawa. Kai kyauta kaka ba mutane, ni kuwa da shagon ga nika ci da iyali."

"Ranar da nik karanto maka jan akwati, ka gane abin da yac ce?"

Ya jefa memorin cikin aljihun tebur, ya kau da kai.

Ban ɗaga murya ba, ba halina ba ne. Na ce ya zuba mini abin da ke wurinsa a memori. Ya zuba karatun littattafai da tafsirin, babu wanda ya ɓace. Na ce saura na ranar suna.

"Wanne? Wannan na surutu da dariya? Na goge shi tuni. Ya cika mani wuri, kuma ba mai tambaya tai."

Yanzu rigakafin cikin kwali nake sa wa kwamfutar, ƙanena ke kawo mini, kuma duk memorin da ya shigo zaure sai an duba shi, ko na wane ne. Ɗaliban Malam suna ci gaba da zuwa. Taubashina muna haɗuwa wurin suna da jana'iza, mu gaisa, kowa ya nemi tabarmarsa.

Ɗiyata ta girma. Tana ƙarama na sha kunna mata kaset ɗin, amma ba ta riƙe ba. Kwanan baya ta ce in faɗa mata addu'ar da kakanta ya yi mata. Na faɗi farkonta daidai. Da na kai tsakiya na tsaya, na sake farowa, na sake tsayawa a wuri guda. Ta jira ni, sannan ta ce, "Ba komai, Baba," ta ɗauki kwanon abincina ta shiga cikin gida.