Damin karan Yaya Rabi

Ku tsoffin 'yan lakkol, makarantar bokon garinmu, da kuka cika mana Facebook da "Allah sarki ƙuruciya", yaushe rabonku da ɗora kara a ka?

Jiya a hanyar Tabla na ci karo da Yaya Rabi, ungozomar nan ta asibiti a Filinge, da damin karan hatsi bisa kanta. Sani jandarma na bayanta, shina jan itacen rumfa, zufa har wuya.

Na ce, "Yaya, ke da rabin ɗiyan ƙasar Kurfai suka faɗo hannunki, ke ce da dakon kara?"

Ta ce, "Kauce mini, sarkin baki. Mushe Idi, malamin da ya koyar da mu, ya kafa doka: wanda bai kawo kara ba, ba shi da inuwa cikin aji. Har ya rasu ban ji ya soke ta ba."

Damina ta kada ajin zana na bara. An gama girbi, yara na zaune gida don ba a tada sabo ba. A irin wannan rumfa ita da Sani suka fara riƙe alli, kuma ba su manta ba.

Ni da aka cire tun aji uku don kiwon awaki, na ƙarasa karatuna bisa allunan shaguna, sai na karɓi damin na ɗora a kaina.

Asabar za a yi rufi. Kai ɗan garinmu da ka zama injiniya a birnin Yamai, ajinku ɗaya da ita. Za ka zo ko ba za ka zo ba? Amsa nan, gaban kowa.