Likkafanin Inna Habi

Wata Laraba ce da hantsi, bayan girbi, a shekarar da na fara famfarar haƙora. Muna masussuka a bayan garin Zakka tare da kakata Inna Habi, matar Malam Jatau. Mata na sheƙe gero, mu 'yan mata muna carafke muna korar awaki, sai wani makiyayi ya sheƙo a guje yana cewa mahara daga Maraɗi sun ɓullo ta daji. Bai rufe baki ba dawakai suka iso.

Inna Habi mace ce mai salla da azumi. Kullum tana gindin turmi ko tana kaɗi, bakinta na motsi, kuma ban taɓa jin ta zagi ko da akuyar da ta ci mata tsaba ba. Takan ce, "Bakin da ke salati ba ya zagi." A ranar wani mahayi ya fizge ni ta hannu, ita kuwa ta rungume ƙuguna. Ya ja mu cikin kututturan kara, ya sare ta da takobi a kafaɗa, jini ya wanke mini fuska, amma ba ta sake ni ba. Kakana ya taho daga gona da gatari ya sari ƙafar dokin, doki ya faɗi ya danne mai shi. Wani maharin ya soke kakana da mashi a ƙirji, nan take ya cika.

Da 'yan bakan gari suka taso, maharan suka cinna wa rumbuna wuta suka gudu da shanu da yara. Wanda doki ya danne saurayi ne, ko gemu bai fara ba. Aka rufe shi da sanduna da taɓare. Inna ta rarrafo tana roƙo a bar shi, ta ɗura masa ruwa a baki, amma ɗanta, Kawu Ummaru, ya ture ta ya ƙarasa shi. Aka ce a jefa wa kuraye gawarsa.

Sai ta sa aka ɗauko farin saƙin da ta daɗe tana kaɗa zarensa don likkafaninta, ta ce a raba biyu, rabi mijinta, rabi yaron. Kawu ya ƙi. Ta ce, "Ummaru, yaron nan da shahada ya cika, na ji da kunnena. Shi ma uwa tana can tana jiran sa." Liman ya sallace su duka biyun. Kawu ya yi damina guda bai shiga ɗakinta ba, amma kullum sai ta aika masa da fura. Hannun nan nata da aka sara bai ƙara riƙe mazari ba har ta rasu.

Yanzu hari ya ƙare, ganuwa ta zube, jikokina na zuwa itace ba sa waiwaye. In sun yi faɗa ni ma nakan tsawata, har da zagi. Irin haƙurinta ba mu gada ba.