Butar Iskko

A ƙauyenmu na ƙabilar Sami, can arewacin Turai, in an ja taru daga tafki, sai a kasa kifin tsibi-tsibi. Mutum ɗaya ya juya baya, wani ya nuna tsibi ya ce, "Na wa?" Sunan da mai juya bayan ya kira, shi ke nan.

Tun yana saurayi Iskko ne mai juya bayan. Tsibin da ya fi maiƙo kuwa bai cika ɓata hanya ba, gidan gwauruwa yake zuwa ko inda ake jinya. Mutane suka ce bakinsa na da albarka. Yana dai da butar gahawa da yake gogewa har ta yi ƙyalli kamar madubi, kullum kuma a gabansa yake rataye ta.

Da ya tsufa, gwamnati ta aiko wani jami'i, Torvald, kan rabon abin da madatsar koginmu ke samarwa. Ko a ba ƙauye dunƙulen kuɗi sau ɗaya a rufe magana, ko kaso kaɗan kowace shekara muddin ruwa na gudu. Gari ya rabu biyu, har 'yan'uwa suka daina gaisawa. Daga baya aka yarda a bi al'ada. Aka ajiye kwano biyu a ɗakin taro, na dutse shi ne dunƙulen, na ruwa shi ne kason shekara.

Iskko na da jikoki, an san ransa na kan kason shekara. Ya juya baya ya laluba, babu buta. Ravna, ƙanwar matarsa, ta ɓoye ta, don ita rufin ɗaki take so bana.

"Tsoho, me ya ɓace?" in ji ta. "Albarkar ce ta faɗi?"

"Gwiwa ce, uwar tsegumi." Ya yafito Torvald. "Ɗana, zo nan gabana in dafa ka."

Torvald ya zo da ladabi, da manyan tabarau masu ƙyalli a fuska.

Ravna ta jujjuya kwanukan, ta nuna na dutse. "Na wa?"

Iskko ya daɗe yana duban baƙon ido cikin ido.

"Gwamnati ta riƙe wannan."

Har yau kason na zuwa. Torvald yakan ce bai taɓa ganin dattijo mai kallon mutum da gaskiya irin wannan ba. Ravna kuwa ta mayar da butar, amma sai da ta shafe ta da baƙin tukunya.